Bututun Milimita Goma Sha Ɗaya

Litinin, 7 Oktoba 2024
Satina na farko a aiki. Ni Hamdiya, lokotoron dabbobi, dipilom ɗina ko tawadarsa ba ta bushe ba, an damƙa mini bindigar allurar barci. Da gaz take harbi. Bututu biyu gare ta: mai faɗin milimita 11 na ƙananan allurai, mai 13 na manya. Na auna su da kaina, ban yarda da rubutun akwatin ba.

Laraba, 9 Oktoba
Taro a biro, ofishinmu na Dakoro. Shef Abdoulaye yana so mu maharba uku mu koma bututu ɗaya, mai 13, don in allurar wani ta ƙare a daji ya karɓi ta ɗan uwansa. Baba Salihu, babbanmu a harbi, ya ce shi ko da bututun famfo ne zai harba. Aka tambaye ni, na ce na yarda. Na kawo hujjoji masu kyau. Wadda ban faɗa ba: tsoro nake in sa hannu a jaka in ɗauko allurar da ba ita ba. In iri ɗaya ce, ba zan yi kuskure ba.
Ni na kulle ƙaramin bututun a magaza, ɗakin ajiyar kayanmu.

Asabar, 12 Oktoba
Na yi mafarkin raƙuman dawa sun shigo kasuwar Dakoro, suna tafiya a hankali kamar cikin ruwa, kawunansu sama da rumfuna. Ba wanda ya ɗaga kai sai ni.

Talata, 15 Oktoba
Gandun dajin Gadabeji. Wani makiyayi, Yazidu, ya kai mu wajen wata barewa da wayar tarko ta shige mata ƙafar baya. Ta kumbura. In ba a cire ba, ƙafar za ta ruɓe.
Na kwanta cikin ciyawa, na sa ido a madubin bindiga. Duniya ta koma ƴar da'ira: iska tana kaɗa ciyawa, kunnenta yana motsi, hasken rana yana ratsa shi ja-ja. Kamar ba a duniya ba. Sai na dubi cinyarta. Ba ta kai tafin hannuna ba. Dabbar ba ta fi kilo 15 ba, allurar da ke bindigata kuwa ta raƙumin dawa ce. Ko na rage gaz, nauyinta zai iya karya ƙashi.
Ban taɓa kunamar bindigar ba. Ta ɗingisa ta shige daji.
Baba Salihu ya ce, "Ɗiyata, hoto muka zo ɗauka? Da kin hwaɗa mani in sa babbar riga."

Laraba, 16 Oktoba
Na koma Dakoro bisa moto, wato babur, na buɗe magaza. Shef ya gan ni da ƙaramin bututun, ya ce, "Ba ke kika ce ɗaya ya isa ba?" Na ce aro ne.

Alhamis, 17 Oktoba
Mun sami barewar ƙarƙashin wata aduwa, na ɗaura ƙaramin bututun. Metir 25. Allurar ta tafi shiru, jan gashin bayanta ya tsaya a cinyar kamar fure. Ta ɗan taka, ta durƙusa. Na rufe mata ido da mayafina, na yanke wayar, na wanke ciwon. Zuciyarta tana bugawa a tafina, da sauri, da ɗumi. Da na yi mata allurar farkawa sai ta miƙe, ta tsaya tana kallon wani wuri can bayanmu, sannan ta tafi. Tana taka ƙafar.
Baba Salihu ya ce in share hancina, makiyaya na kallo.

Litinin, 21 Oktoba
Shef ya sake tambayata maganar bututun. Na ce har yanzu bututu ɗaya ya fi tsari, kuma gaskiya ne, ya fi.
Ƙaramin yana naɗe cikin sallayata, bayan kujerar mota. Magazar tana da laima, kada ya yi tsatsa. Shi ke nan dalili.