Agogon Fotu a Hannun Baba

Neiafu

'Yata Seini,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zafin Townsville? Mu lafiya, sai batun babanki.

Tun da teku ta ci ƙanenki Fotu, babanki ya ɗaura agogonsa na motsa jiki, wanda aka tsinta a kwalekwale. Agogon nan yana lissafa kalorin da mutum ya ƙona, wato ƙarfin da jiki ya kashe. Babanki ya gano adadin da Fotu yake kaiwa kullum lokacin da yake buga ƙwallon rugbi, ya ce sai ya kai. Da asuba agogon yake girgiza, ya rubuta, "Fotu, tashi." Sai babanki ya amsa, "Na ji," ya sa takalmi ya nufi dutsen Talau da gudu. Na ce, "Lisiate, da furfurar?" Ya ce, "Kalo, yaron bai gama ba."

Ke da kike koya wa tsofaffi motsa jiki, me kika gani?

Mamanki,
Kalolaine

Townsville

Mama,

Ina gaishe ku da girmamawa. Wasiƙarki ta hana ni cin abinci.

Agogon ba ya ganin mutum, Mama. Shekaru da nauyi aka saka masa, da su da bugun zuciya yake yin kintace. Har yanzu ɗauka yake saurayi ɗan ashirin da huɗu ne ke hawan dutsen. Lissafin da yake ba Baba ba nasa ba ne, kuma bugun da Fotu ke wasa da shi, ga Baba haɗari ne. Agogon ba zai gargaɗe shi ba.

Don Allah idan ya shiga wanka, ki sa masa shekarunsa na gaskiya. Ba wuya.

Taki,
Seini

Neiafu

Seini,

Ina gaisuwa. Na gwada. Na buɗe wurin a agogon, ga sunan yarona, ga ranar da na haife shi. Yatsana ya ƙi. Ina tsaye babanki ya fito da tawul, bai yi faɗa ba, ya miƙo hannu kawai. Ni na ɗaura masa.

Ya rame. Rogo da kifin da yake so ma sai ya ture. Ya ce idan ya kusa ƙololuwa yana jin numfashi a bayansa, ba ya waiwaye.

Mamanki

Neiafu

Seini,

Babanki ya yanke jiki ya faɗi ranar Talata. Matan coci suka gan shi a hanya. Yana da rai, amma likita ya ce shi da dutse har abada.

Ɗazu ya ce in canza shekarun da ke cikin agogon. Sai kuma ya riƙe hannuna, ya tambaye ni, idan an sa nasa, ina shekarun Fotu za su tafi?

Ban canza ba. Ki zo gida.

Mamanki