Faifan Mama Marar Suna

Bronx, 9 ga Yuni, 1979

Yaya Lemuel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a gidan yari. Inna Vernice, 'yar'uwar Mama, na gaishe ka, amma har yanzu tana cewa ba ta taɓa ganin wanda aka ɗaure kan satar bututun tagullar gidan da ya riga ya ƙone ba sai kai.

Ranar Asabar da rana na bi ta filin wasa. Abokinka Papo ya jawo wuta daga gindin fitilar titi, ya kafa na'urorin kiɗansa, mutane sun cika. Sai na ji Mama. Faifan cocinsu ne, daidai inda ganga ke tsayawa ta ɗaga murya ta ce, "Ina nan, Ubangiji, ina nan!" Papo ya dafe faifan da yatsa yana mayar da shi baya, tana ta maimaitawa, ana ta rawa. Tun daren gobara ban ji muryarta ba. Na ɗauka faifan ya ƙone tare da ita.

Na tsaya jikin shingen waya, na kasa ƙarasawa. Yaya, mene ne sunan faifan? Ina so in nemi wani. Daga nesa na ga tsakiyarsa baƙi ƙirin, babu takarda.

Ƙanwarka,
Odessa

*

21 ga Yuni

Ɓerana,

Na gaishe ki. Ki ce wa Inna tagullar ma ba ta da kyau.

Ni na cire takardar. Kowa haka yake yi, a jiƙa faifai a bahon wanka a ɓare sunan, don kada 'yan wata unguwa su leƙo su gano kiɗanka. Na ara wa Papo shi kwana biyu kafin gobara, shi ya sa ya tsira. Sunan kuwa wallahi ban riƙe ba. Wani ƙaramin coci ne a Carolina, sun buga 'yan kaɗan tun Mama na budurwa. Ba za ki samu wani ba.

Ki je ki karɓo. Guda ɗaya ke gare shi, kuma ja da bayan nan cinye faifai yake yi. Ki buɗe baki ki yi magana, kada ki tsaya kina kallon takalminki.

Yayanki,
Lem

*

15 ga Yuli

Yaya Lemuel,

Ina gaisuwa. Na je, sau uku ina kaiwa ƙofarsu ina juyowa. A na huɗu kakarsa ta gan ni ta taga, ta jawo ni ciki ta zuba min shinkafa da wake.

Papo ya ce, "A'a, ƙanwar ɓarawon famfo! Ashe kina magana?"

Na ce, "Faifan Mama."

Ya daina dariya. Ya ce, "Ƙanwata, kin san baitin da Lem ya tsara, wanda yake lissafa gidajen layinmu da suka ƙone, lamba bayan lamba? Duk gidan da muka kira, sai in saki muryar tsohuwarku ta amsa. Mutane kuka suke yi suna rawa. Wani mai kamfani ya ji, zai ɗauke mu a faifai. Ki bar min shi wata ɗaya."

Kakarsa ta ce, "Wata ɗayanka shekara ne, marar kunya."

Ya nuna min shi. Wurin Mama ya yi fari-fari kamar an goga toka. Na ce to. Ka yi haƙuri, Yaya, abin da ya fito daga bakina ke nan.

Ƙanwarka,
Odessa

*

2 ga Oktoba

Papo,

Ina gaishe ka da Kaka. Ba zan iya faɗa a gabanka ba, shi ya sa na rubuta.

Na sa faifan a na'urar Inna. Duk waƙar na nan lafiya, ganga da tafi da sauran mata. Da allura ta zo wurin Mama sai ta yi shuu, ta tsallake. Na gwada sau bakwai, har na ɗora kwabo a kan allurar. Mai kamfanin bai yi ƙarya ba da ya ce wurin ya mutu.

Ban san me ya sa na ɗaga hannu ba ranar da na raka ku wurin ɗaukar waƙar, da ya ce a kira wata mace ta rera wurin a madadin Mama. Na dai kasa jure wata baƙuwa ta faɗi kalmominta. Na gode da ka sa kowa ya juya min baya kafin in fara.

Ba na fushi da kai. Abu ɗaya nake roƙo. Lemuel na da sauran shekara biyu, kuma shi ya ara maka faifan. Kada ka gaya masa wurin ya goge, kada ka gaya masa wadda ta rera.

Odessa

*

18 ga Janairu, 1980

Ɓerana,

Gaisuwa! Jiya muna wanki aka sa waƙar a rediyo. Na ji lambar tsohon gidan su Papo, na ji ta kantin Delroy, na ji tamu. Sai Mama ta amsa. Na zauna a ƙasa cikin kumfa. Wani ƙato ya ce me ya same ni, na ce uwata ce wannan, ya cire hularsa.

Kullum ina ganin na kashe mata murya da bahon wankan nan. Yanzu ga ta a duk gari. Amma kamar ta fi yarinta, ko injinsu ne ya wanke ta? Ita ce dai ko? Faifan na hannunki?

Yayanki,
Lem

*

27 ga Janairu

Yaya Lemuel,

Ina gaisuwa. Faifan na wurina, na naɗe shi a ɗankwali na sa ƙasan akwati. Ba na sa shi.

Ka tambaya ko ita ce. Inna na juya miya aka sa waƙar. Ta ajiye cokali, ta kira sunan Mama.

Ka riƙa sa rigar sanyi.

Ƙanwarka,
Odessa