Maganar da ke Bayan Hoton Malam

Badarawa, Kaduna.
Litinin.

Zuwa ga ƙanina Sharhabil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, da Rukayya da yara. Tunda ka zama babban mutum wayarka ba ta ɗaguwa, na ce bari in koma wa biro da takarda. Balarabe direban ofishinku zai miƙa maka.

Ina kuka kai shafin Malam? Ranar Juma'a na buɗe shafin jami'arku na intanet, na tarar an sake masa fenti kamar ɗakin amarya, amma na nemi sunan mijina sama ko ƙasa na rasa. Kai ne shugaban masu kula da shafin, kada ka ce mini ba ka sani ba.

Ka fi kowa sanin abin da ya yi muku. Tun da ciwon suga ya cinye masa ido, duk Alhamis yana ofishinku. Ku ɗora sabon abu, shi kuma ya saurara da manhajar nan mai karanta wa makafi rubutu, ya ce nan ya yi, nan bai yi ba. Shi ya matsa muku kuka riƙa ɓoye bayani a bayan kowane hoto, don wanda ba ya gani ya ji abin da ke ciki. Na hotonsa kuwa, da bakinsa ya faɗa ka rubuta. Tun rasuwarsa nakan kunna muryar nan in saurara. Ban taɓa gaya wa kowa ba, sai yau da ka sa ni dole.

Ka mayar mini da shi. A gaida mutanen gida.

Yayarka,
Maimuna.

* * *

Unguwar Sarki, Kaduna.
Laraba.

Zuwa ga Yaya Maimuna,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso. Allah ya jiƙan Malam Ja'afaru, ya sa Aljanna makoma.

Yaya, ba raini ya sa aka cire shafin ba. A sabon tsari, kowane shafi sai da wanda ke kula da shi yana sabunta shi. Tsohon ya cika da adireshin ofisoshin da aka rushe da lambobin wayar da suka mutu, ɗalibai na ta ɓata. Kwanaki wata ɗaliba makauniya, Ummulkhairi, ta taso tun daga Zariya, saboda shafin Malam yana cewa yana ganin ɗalibai duk Talata. A ƙofar ofishinsa na same ta tana jira. Ni na gaya mata ya rasu. Ranar na ba da umarni a sauke shafukan duk ma'aikatan da ba sa nan.

Amma kada ki damu. Za mu buɗe sashe na tunawa da waɗanda suka riga mu, kuma hoton Malam yana ajiye. Zan sa a wanke miki shi babba.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Sharhabil.

* * *

Badarawa.
Alhamis.

Sharhabil,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, amma a taƙaice.

Maganar yarinyar nan ta taɓa ni, kuma a nan ka yi daidai, ba zan ƙi gaskiya ba. Amma wa ya ce maka hoto nake nema? Ina da hotunansa cike da akwati, har na lokacin da yake da suma. Maganarsa nake so, wadda ke bayan hoton.

Kuma bari in gaya maka abin da ba ka tambaye ni ba. Jiya na kunna muryar a sabon shafin naku, in ji ko za ta kai ni wurinsa. Ka san me take cewa? "Hoto. Hoto. Hoto." Daga ƙofar jami'a har ɗakin karatu, ba ta da wata magana. Ko taswirar da ke nuna hanyar ɗakunan kwana, "hoto" kawai. Garin neman gira kun rasa ido.

Don Allah ka rufe idonka ka saurari aikinka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yayarka,
Maimuna.

* * *

Unguwar Sarki.
Lahadi.

Yaya,

Salamu alaikum. Na saurara. Sau biyu na fara rubuto miki ina yagawa.

Ɗan kwangilar da ya kwaso mana kaya daga tsohon shafi, abin da ido ke gani kawai ya kwaso. Bayanan da ke bayan hotuna duk an bar su can. Mu shida muka duba aikin shafi bayan shafi, muka yaba. Da ido muka duba. Tun da Malam ya rasu ba wanda ya zauna a kujerarsa, kuma ba wanda ya lura Alhamis ta daina zuwa da mai sauraro. Na ruga wurin kwamfutar da ke ɗauke da tsohon shafin, na tarar an goge ta an ba sashen jarrabawa. Aikin shekara da shekaru, Yaya. Wallahi zuciyata ta ƙuntata.

Sauran za mu sake rubutawa, ko zai kai mu baɗi. Ummulkhairi ta yarda za ta riƙa zuwa tana saurara mana. Na Malam ne ba mai iya sakewa. Ni na buga shi da hannuna, amma ranar hankalina yana kan wani taro, dariyarsa kawai nake tunawa. Ke da kika sha jin sa, ki rubuto mini shi yadda yake, in mayar.

Ki yafe mini.

Sharhabil.

* * *

Badarawa.
Talata.

Ƙanina,

Wa alaikumus salam. Na yafe maka.

Ga abin da na riƙe: "Ga wani malami zaune a bayan tebur. An ce masa hularsa ta karkace, ya ce..."

Iyakata ke nan. Da yana raye, dariya ke hana ni jin ƙarshen. Bayan rasuwarsa, kuka ne. Kullum sai in kashe, in ce gobe ma rana ce.

Kada ka ƙirƙira masa ƙarshe. Ka sa shi haka, ya tsaya a inda na tsaya.

Ka gaida Rukayya.

Yayarka,
Maimuna.