Kayan Kwamfutar Yayanka

Badruddeen,

Na tafi Getso duba Gwaggo Sa'ada, mota ba za ta jira ka dawo daga shago ba.

Ɗazu Baffanka ya zo kan rabon gadon yayanka, Allah ya ji ƙansa. Ya buɗe kwalin kayan kwamfutar wasan nan, ya ce kowa ya ɗauki guda, fanka ta ƙanwarka Mubina, koren allon naka. Na ce a'a. Shekara guda yayanka yana tsinto su ɗaya-ɗaya daga Kano, bai ga an haɗa ba. Na roƙi kowa ya bar rabonsa, sun yarda.

Saura abu biyu da bai kai ga saya ba. Ban san aikinsu ba, amma na riƙe maganar yayanka: wata aba da ake ce wa ram ta zama mai lamba goma sha shida, katin hoto kuma a sayi na hannu mai ƙarfi, kada akwati mai fitilu ya ruɗe ka. Ka sayo su, ka sa a gwada a gabanka.

In kwamfutar ta haɗu, ka kunna ta a ɗakinsa, ka bar ƙofar a buɗe. Gidan ya yi shiru da yawa.

Innarka