Ciwon A-kori-kura Ya Bayyana

Uwargida,

Na fita kafin ki dawo. Albishirinki, na gano ciwon a-kori-kurar nan.

Kin san tun da aka ƙara mata wuta take shan mai kamar ana zubawa a kwando. Salansa sai baƙin hayaƙi, fulogi duk sun yi baƙi ƙirin. Da safe na kira makaniken da ya yi aikin, na wanke shi tas, har na ce masa ko facin keke bai iya ba. Bawan Allah ya ce, "Maigida, ka duba iya-kilina kuwa?" Na ce ba shi zai koya mini mota ba, na kashe waya.

Sai da na kwance rabin injin sannan na buɗe iya-kilinar, wato matatar iska. Ashe ɓera ce ta yi gida a ciki da soson kujerarmu, ta toshe hanyar iska, har ta haihu. Mai yana shiga, iska ba ta shiga, ni kuma babban injiniyan gidan nan ina ta zagin mutane.

Don Allah kar ki buɗe kwalin takalmanki na unguwa. 'Ya'yan suna ciki. Na kasa kashe su, ko ido ba su buɗe ba. Takalman suna kan firij.

Na tafi ba makanike haƙuri. A ƙafa na tafi, don na rasa inda wasu notuna za su koma.

Mijinki, injiniya.

Af, uwar ta kuɓuce mini. Ganina da ita na ƙarshe, kicin ta nufa.