Taku Biyu a Gefen Hanyar Maigatari

Gumel, 9 ga Janairu.

Zuwa ga Yayana Haidar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Damagaram, ya Yaya Munira da yara? Ya ciwon ƙafar nan taka, ko har yau taurin kai ya hana ka zuwa asibiti? Mu nan lafiya, sai godiyar Allah.

Ka ce in daina wahalar da kaina da ƙungiyar masu keke tunda ko hawa ban iya ba. Yaya, ni ban iya ba, amma marigayi mijina Abdulbaqi ya iya. Shekara goma sha ɗaya yana ɗora kwandon kaji a bayan kekensa duk Alhamis zuwa kasuwar Maigatari, har ranar da motar shanu ta matse shi ya rasa inda zai kauce. Har yau in Alhamis ta zagayo abinci ba ya shigata.

Yanzu za a sake zuba wa hanyar kwalta. Taku biyu kacal muke roƙo a gefe, a ja farin layi, a bar wa masu keke. Na shiga Gagarawa, na shiga Sule Tankarkar, mun tara sa hannu da dangwalen mutum ɗari bakwai. A rumfar Barau mai facin keke muke taro, shugabanmu kuma dattijo ne, Malam Rufa'i. An ba mu ranar ganin Alhajin da aikin yake hannunsa. In aka zuba kwaltar ba mu yi magana ba, to sai dai jikokinmu. Ka taya mu da addu'a.

Ƙanwarka,
Ummukulsum.

Gumel, 27 ga Janairu.

Yaya Haidar,

Ina gaishe ka, ina gaida mutan gida, da fatan kowa lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna yau, raina a ɓace yake.

Mun je. Tun a rumfa na ce mazan su hau kekunansu su cika ƙofar gidan, a gan su da ido. Dattawa suka ce raini ne a je wa babban mutum a kan keke, aka ɗauki shatar mota, kowa ya sha babbar riga.

Ka san al'adarmu, ba a fara wa babba da buƙata. Malam Rufa'i ya fara da kirari, daga nan ya gangara kukan talauci: wai mu talakawansa ne, ba mu da abin hawa sai keke, rana ta dafa mu, ƙaya ta fasa mana taya. Kafin ya iso kan maganar hanya, tausayi ya kama Alhaji. Wallahi da zuciya ɗaya ya yi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya sa aka turo sabon babur gal a ledarsa, ya ce ya bai wa ƙungiya, kuma Allah ya raba mu da keke gaba ɗaya.

Kowa ya ce amin, Yaya! Ƙungiyar masu keke ta ce amin! Aka zube ana godiya, aka shafa Fatiha, kuma ka san in an shafa Fatiha zama ya tashi. Na yunƙura zan zaro takardar roƙonmu mai sa hannun jama'a daga jakata, Malam Rufa'i ya galla mini harara. A mota ya ce wanda aka yi wa kyauta ba ya sake buɗe baki da roƙo, haɗama ce, kuma kyautar babba ba a mayar da ita.

Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Da bakina, na yi shiru don kada a ce mace ta yi rashin kunya a gaban maza. Na ji kunyar rayayyu, na ci amanar mamaci.

Taka,
Ummukulsum.

Gumel, 18 ga Afrilu.

Yayana,

Sallama da fatan alheri. Na ji ka je asibiti a ƙarshe, to madalla, Allah ya ƙara sauƙi.

Sau uku ina komawa gidan Alhaji ni kaɗai. Maigadi ya ce ai an riga an sallami ƙungiyarmu. Taro kuwa ya koma rigimar wa zai riƙe makullin babur, har Barau ya gaji ya ce mu bar masa rumfarsa.

An gama hanya. Ta yi kyau, motocin shanu sai sheƙa gudu suke. Dā akwai yashi a gefe da mutum zai faɗa ya tsira da ƙurjewa, yanzu kwata ce ta siminti mai zurfi tun daga bakin kwalta. Alhamis ɗin da ta wuce da idona na ga wani tsoho da buhun gero a keke, mai babur yana danna masa oda a baya har ya sauka ya raɓe. Malam Rufa'i ne a kan baburin. Ya ɗaga mini hannu ma.

Na ga saƙonka cewa ka saya wa 'yata Muhsina keke don makarantarsu da nisa, za ka aiko ranar kasuwa. Ta kwana biyu tana murna. Na gode, Allah ya saka da alheri, amma kada ka aiko. Ni da na bi gari gari ina ce wa mutane su hau keke, ni ce yau zan zaunar da 'yata in ce mata ta ci gaba da tafiya a ƙasa. Guda ɗaya na bai wa hanyar nan, ya isa.

A gaida Yaya Munira da yara. Wassalam.

Ƙanwarka,
Ummukulsum.