Yayen Muhsin a Gidan Gyaɗa

Birnin Kudu

Zuwa ga ƙanwata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya Inna da Baba, yaya aikin kaka? Mu nan sai godiyar Allah.

Ga maigidana Malam nan ya kawo muku yaron nan yaye, kamar yadda Inna ta ce a kai mata shi idan ya isa. Kayansa suna cikin jakar. Sabulu da turaren na Inna ne, goron na Baba. Atamfar taki ce, kada ki ce na manta da ke.

Na rubuto ne maimakon in kira, don na san wayar gidanmu. Da ta yi ƙara sai a buɗe murya a ajiye ta a tsakar gida, har maƙwabta su amsa gaisuwa. Akwai maganar da ba za ta yiwu a haka ba.

Watan jiya mun je suna, wata mata ta ba shi kunun gyaɗa. Kafin mu iso gida leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, yana ta susa. A asibiti likita ta ce jikinsa ne ba ya karɓar gyaɗa. Ta ce ba ciwo ba ne da ake shan magani ya wuce, maganinsa kawai kada ya ci. Ba kunun kaɗai ba, har da ƙuli-ƙuli, da yajin tsire, da miyar da aka sa wa gyaɗa, da duk abin da aka soya da man da ake matsa a gida. Yana shan koko da kunun tsamiya da fura da nono. Yana cin wake da ƙwai da kifi. A yi masa miya da manja ko man shanu.

Jiya da Inna ta kira, ta tambaye ni ko yana da wani abu da ya kamata ta sani. Na ce mata lafiyarsa ƙalau. To me zan ce? Ɗan fari ne. Ban taɓa ɗaukarsa a gabanta ba, ban taɓa kiran sunansa ba, sai yau in zauna ina zayyana mata abin da zai ci? Malam ma ba zai iya ba, shi da ko ruwa ba ya sha a gaban surukansa. Ke ce ba ki da kunyar kowa. Ki nemi lokaci ki faɗa mata, amma kada ki ce daga bakina ne.

Ki gaida kowa da kowa. Wassalam.

Yayarki,
Bara'atu

Kwandiko

Yaya Bara'atu,

Wa'alaikumus salam. Mun ga saƙo, Allah ya saka da alheri. Atamfar ta yi kyau, ko da yake na san wadda ba ki so ce kika ba ni.

Muhsin yana lafiya. Na rubuta miki sunan ne don ki gani ko a takarda, tunda ke bakinki ba ya iya faɗa. Ranar farko ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Yanzu ya fara bin kaji, kuma ya ƙulla abota da akuyar Baba. Inna kuwa ba ta ajiye shi. Duk wanda ya shigo sai ta ce, "Zo ka gaida maigidana, ya zo daga birni ko kuɗin cefane bai kawo ba."

Maganar gyaɗa na faɗa mata. Na same ta tana ɓarar gyaɗar ma, na ce na ji an ce ba ta karɓarsa. Ta ce, "Wa ya ce?" Na ce haka dai na ji a wajen Malam. Ta yi dariya har ta ajiye faifan. Ta ce, "Borin jini ne. Wa bai yi ba? Yayanku Sanda ma ya yi yana ƙarami, ga shi nan da 'ya'yansa. Kaɗan-kaɗan ake ba yaro har jiki ya saba. Ni da na yaye ku duka da kunun gyaɗa, yau za a koya mini yaye?" Sannan ta ce, "Ai na tambayi uwar, ta ce lafiyarsa ƙalau. Da wani abin tsoro ne, ko da kunya ai da ta ɗan yi shiru in gane."

Duk da haka ta ce saboda darajar Malam ba za ta dama masa ba, koko take ba shi. Amma tana mita wai kin kawo mata yaro kamar tsinke.

Yaya, sai dai fa ki tuna gidan da kika aiko shi. An gama cirar gyaɗa. Buhuna har zaure, harawa a kan rufi, ɓawo ko'ina a tsakar gida. Inna ta fara matsar mai, kullum sai an soya ƙuli. Ni kaina ƙamshin gyaɗa nake yi. Ina iya ƙoƙarina, amma ba ni da ido a ƙeya.

Ke fa, yaya jikin? Kina kewarsa? Na san ba za ki amsa ba.

Zan ba Ɗan'auta direba wannan takarda idan zai fito daga Gwaram. Ki gaida Malam.

Taki,
Ummussalma

Birnin Kudu

Ummussalma,

Assalamu alaikum, tare da fatan alheri. Takardarki ta iso. Jikina da sauƙi, na ɗaure ƙirjin kamar yadda ake yi, zafin ya ragu. Na koma makaranta. Gidan ya yi shiru, ina samun damar duba aikin ɗalibai a natse.

Na koma wajen likitar na tambaye ta maganar kaɗan-kaɗan. Ta ce kada a kuskura a gwada a gida. Ta ce irin nasa, karo na biyu yana iya fin na farko, kumburin ya sauka maƙogwaro ya tare numfashi. Ta ce ko abin da ya maƙale a ludayi ya isa.

Saboda haka ga ƙaramar tukunya da kwano da ludayi na ba Ɗan'auta. Na yaron ne shi kaɗai, kada a haɗa da na gida wajen wanki. Duk wanda ya taɓa gyaɗa ya wanke hannu da sabulu kafin ya ba shi abinci. Ranar matsar mai ki ɗauke shi ku tafi gidan Yaya Sanda. Na haɗa da kwalbar magani, amma na ƙaiƙayi ne kawai. Idan kika ga muryarsa ta canza, ko yana jan numfashi da ƙyar, ko ya yi laushi, kada ki tsaya neman kwalba, kada ki tsaya neman izini. Asibiti kai tsaye, allura ce ake yi.

Na san za ki ce in kira Inna. Na ɗauki wayar, na ajiye. Idan na ce mata ta yi kaza kada ta yi kaza, za a ce Bara'atu ta yi boko ta zubar da kunya, tana koya wa uwarta reno a kan ɗan fari. Maganar za ta zaga Kwandiko kafin la'asar, kuma Inna ce za ta ji ciwonta, ba ni ba. Ki ce tukunyar Malam ne ya aiko.

Tambayarki ta ƙarshe kuwa ba tambayar da ake yi wa babba ba ce.

A gaida Inna da Baba. Na bar ku lafiya.

Bara'atu

Kwandiko

Yaya,

Salamu alaikum. Na san Malam ya faɗa miki Muhsin yana raye, yana samun sauƙi. Amma na san halin Malam, a taƙaice zai faɗa. Ni zan gaya miki yadda aka yi.

Ranar Talata Inna ta tashi da matsar mai. Na yi niyyar fita da shi, sai Baba ya aike ni kai wa masu aiki abinci gona. Na ce bari in je in dawo da sauri. Muhsin ya tashi da rigima, yana ta jan rigar Inna yana neman nono. Ta goya shi, ya ƙi. Ta ba shi koko, ya ture. Hannunta yana cikin tunkuza, sai kawai ta lakato a yatsa ta sa masa a baki, kamar yadda take yi wa kowane jika idan ya dame ta. Ba gwaji ta yi ba, Yaya, na rantse miki. Ta ce hannunta ne ya riga ta.

Da na dawo na tarar ya yi shiru, Inna tana cewa ai ga shi ya haƙura. Na juyo shi. Idanunsa sun kumbura, leɓen ya juye, yana buɗe baki yana kuka amma ba sauti. Ƙirjinsa yana wani irin ƙara kamar ana busa a kara. Na ƙwala wa Yaya Sanda kira. Inna ta fizge shi daga hannuna ta hau bayan babur ba mayafi, ba takalmi, da man gyaɗa har gwiwar hannu. Inna da ba ta taɓa leƙa zaure haka ba. Na bi su a wani babur ɗin.

A asibitin Gwaram aka yi masa allura a cinya, aka sa masa abin numfashi. Ban san tsawon lokacin da muka tsaya ba. Da ya fasa kuka da murya sai na zauna a ƙasa. Ma'aikacin ya ce da mun ƙara jinkiri da labarin ya bambanta.

A nan Inna ta tsare ni. Ta ce, "Uwarsa ta san abin yana kai haka?" Na ce ta sani. Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun kafin a kawo shi. Sai ta koma bakin gadon yaron ta zauna.

Da Malam ya iso da yamma, ta amsa gaisuwarsa, amma idonta yana bayansa, tana duba ƙofa. Ya ce shi kaɗai ya zo.

Ni dai zan faɗa miki, ko ki yi fushi. Na ji haushinki. Na ji haushin kaina da na tafi gona, na ji haushin Inna, amma naki ya fi. Kin ɗora mini abin da ya fi ƙarfina. Maganata da taki ba ɗaya ba ne a kunnen Inna, kuma kin sani.

An sallame mu. Inna ta sa an kwashe buhunan an kai gidan Yaya Sanda, an share tsakar gida har sau ba adadi. Masu zuwa sayen mai suna komawa da kwalabensu. Ba ta cin abincin kirki. Ta ce in ɗauko takarda, ita ma tana da magana. Ga ta nan a haɗe, yadda ta faɗa haka na rubuta.

Ummussalma

Bara'atu,

Ina gaishe ki. Ina gaida Malam, Allah ya yi masa albarka.

Yaron nan ya kusa mutuwa a hannuna. Na gode Allah da bai nufa ba.

Malam ya ce ranar kin sa mayafi, kin kai ƙofa, kika koma. Na san ni kika ji wa kunya. To na ɗauke miki. Wanda ya ga za ki zubar da mutunci ya zo ya same ni.

Ba zan aiko miki da shi ba, kuma kada ki aiko kowa. Ki zo da ƙafarki. Ki zauna a gabana ki faɗa mini abin da yake ci da abin da ba ya ci, ɗaya bayan ɗaya, da bakinki. Ni yanzu ko ruwa zan ba shi sai na tsaya ina shakka.

Ki taho gobe. Tun da muryarsa ta dawo ke yake kira, ni kuma na gaji da ce masa kin tafi unguwa.

Allah ya kawo ki lafiya.

Innarki,
A'i